Sunan Wani a Kwamfutarka: Nawa Ne Ainihin Kuɗin Cire Shi?

Da yawa daga cikin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun ɗalibai da ma'aikata a Kano da Kaduna da Zariya ba daga kwali aka ciro su ba. Na hannu ne, waɗanda 'yan kasuwa ke kira tokumbo. Sun gama aikinsu a ofisoshin Amurka da Turai, an sauke su a Legas, sun bi ta Computer Village da ke Ikeja ko kasuwar Alaba, sannan suka ƙaraso Farm Centre ko titin Beirut. Wasu kuma daga hannun maƙwabci suka fito, ko ɗalibin da ya kammala karatu yana neman kuɗin mota. Ko ta ina ta biyo, sau da yawa kana kunna ta sai sunan baƙo ya tarye ka a fuskarta. Abu na farko da ke zuwa ran mai saye shi ne a cire sunan nan a sa nasa. Mai gyara kuma zai ce, "Alhaji, wannan ai aikin minti biyu ne."

Gaskiya ya faɗa, minti biyu ne. Abin da nake shakka shi ne abin da minti biyun ke saya maka.

Windows ba da suna ya san mai asusu ba. Kowane asusu yana da doguwar lamba da ake kira SID, wadda a kwamfutocin gida take farawa da S-1-5-21, kuma da ita ake tantance wanda ke da ikon buɗe kowane fayil. Sunan da kake gani wajen shiga lakabi ne da aka manna a kan lambar. Idan aka shiga Control Panel ko aka buga netplwiz aka canza shi, lakabin kaɗai aka taɓa. Kamar ka sayi babur na hannu ne ka sake masa fenti, alhali lambar inji da takardu duk suna nan da sunan mai shi na farko. Foldar da ke ɗauke da takardunka da hotunanka, wadda ke cikin Users a faifan C, tana nan da tsohon sunan. Za ka ci gaba da cin karo da shi duk lokacin da ka je ajiye fayil. Word ma yana da nasa wurin da yake riƙe sunan marubuci, wanda canjin bai shafa ba, don haka ɗalibi zai iya miƙa aikin kammala karatunsa ga malami, a duba bayanan fayil ɗin a tarar da sunan wani Bature a matsayin wanda ya rubuta.

Daga nan ne mai naci zai ce to a canza sunan foldar ma. Ana iya yi, amma lissafi ya fara nauyi. Sai ka ƙirƙiri wani asusu mai cikakken iko, ka fita daga na farkon gaba ɗaya, ka sauya sunan foldar, sannan ka buɗe rajistar Windows, ka nemo ProfileList, ka gano wace lambar SID ce taka, ka gyara layin ProfileImagePath ya dace da sabon suna. Harafi ɗaya ya kuskure, Windows zai kasa gano foldarka, ya shigar da kai asusun wucin gadi, kuma duk abin da ka ajiye a can yana gogewa da zarar ka fita. Ko aikin ya tafi daidai, manhajoji da dama sun riga sun rubuta tsohuwar hanyar a saitunansu. Outlook zai nemi akwatin wasiƙunsa ya rasa, OneDrive ya rikice, gajerun hanyoyin da ke kan fuska su daina buɗewa. Abin da ya fi ban takaici, waɗannan ba rana ɗaya suke bayyana ba. Bayan makonni wata manhaja za ta ƙi tashi, lokacin da ka manta ma an taɓa rajista, sai ka koma wurin mai gyara ka sake biya a kan ciwon da ba wanda ya san tushensa. Kamfanin Apple da kansa, a bayanin da ya fitar kan canza sunan asusu da foldar gida a Mac, ya gargaɗi mutane su fara kwafe bayanansu, domin kuskure na iya lalata asusun har ya hana shiga. A Linux umarnin usermod ya fi sauƙi, amma can ma tsohuwar hanyar takan maƙale a fayilolin saiti.

A ƙaddara komai ya tafi lafiya, suna ya canza, folda ta canza. Har yanzu a cikin asusun wani kake zaune, kuma a nan ne asarar ta fi girma.

Idan mai kwamfutar na farko ya haɗa asusun da imel ɗinsa na Microsoft, akwai yiwuwar OneDrive na kwashe abin da ke cikin foldodin takardu da hotuna yana aikawa ma'ajiyarsa ta intanet. Hoton katin zama ɗan ƙasa da ka ajiye, takardar banki, hotunan iyali, duk suna iya isa hannun mutumin da ba ka taɓa gani ba, ba tare da shi ya nema ba ko kai ka sani. Haka Chrome: idan akwatin Google ɗinsa na buɗe, kalmar sirrin da ka bari burauza ta riƙe maka tana iya bayyana a wayarsa. Ga manhajojin sarrafa kwamfuta daga nesa irin su AnyDesk da TeamViewer, waɗanda idan an saita su da kalmar sirri ta dindindin ba ruwansu da sunan da ke kan fuska.

Sai BitLocker, wanda na fi jin tsoro saboda shiru yake yi. Kwamfutocin ofis da dama suna zuwa da faifansu a kulle da shi, kuma ba za ka lura ba, domin a kullum yana buɗe kansa. Ranar da aka sabunta BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfutar, ko aka canza babban allon kwamfutar, shuɗin shafi na iya fitowa yana neman mabuɗi mai lamba 48. Mabuɗin yana cikin asusun Microsoft na tsohon mai ita, ko a wurin sashen kwamfuta na kamfanin da ya sayar da ita. Ba injiniyan da zai fasa maka shi a kasuwa. Abin da zai iya shi ne ya goge faifan, tare da aikin digirinka ko lissafin shagonka na shekara biyu. Wanda ya canza suna ya ci gaba da aiki ya ɗauki wannan bashin bai sani ba.

Akwai ma kulle-kullen da ko gogewa ba ta cire su. Kwamfutar da kamfani ya yi wa rajista a tsarin Autopilot na Microsoft, kana sake sa mata Windows ta hau intanet sai ta nemi imel ɗin ma'aikacin wannan kamfani. Kalmar sirrin BIOS, musamman a ThinkPad, ba a faifai take ba. Mac ɗin da ke da guntun T2, da waɗanda suka zo da guntun Apple tun daga 2020, suna da kullen da ke ɗaure su da asusun Apple na mai su, kuma shi ne ke iya sakin su. Duk waɗannan kafin a biya kuɗi ake gano su. Canza suna yana rufe su ne kawai, ya jinkirta ranar da za ka sani har lokacin da mai shago zai ce maka kwanakin garanti sun wuce.

Ba kai kaɗai ne ke da haƙƙi a cikin lamarin ba. A 2003 wasu masu bincike biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun wallafa abin da suka gani bayan sun sayi tsofaffin faifan kwamfuta 158. Guda 129 na aiki, 12 kacal aka goge yadda ya kamata, kuma sun tsinci lambobin katin bashi sama da 5,000 da bayanan asibiti da wasiƙun mutane. Abin da ka tarar a kwamfutar hannu sirrin wani ne da ya manta ko aka yi masa sakaci da shi. Kuɗin da ka biya na ƙarfe ne, ba na hotunan matarsa ba. Addini ya hana bin diddigin sirrin mutane, Najeriya kuma tana da dokar laifukan intanet ta 2015 da dokar kare bayanai ta 2023. Buɗe imel ɗin mutum don kawai burauza ta riƙe kalmar sirrinsa ba abu ne da rasit zai wanke ka daga gare shi ba. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya: kwamfutar da ta zo da sunan Bahaushe, da hotunan bikin watan jiya, babu caja, mai sayarwa kuma na gaggawar a cire sunan, tana bukatar tambaya kafin ciniki. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar Penal Code, kuma wanda aka samu kayan a hannunsa shi ake fara kamawa.

To gogewa gaba ɗaya, wato fomat, ita kyauta ce? A'a, kuma bai dace a ɓoye kuɗinta ba. Kana bukatar filashi mai gigabait 8 aƙalla, da data da za ta sauko da fayil da ya haura gigabait 5, sannan sabuntawa su biyo baya, ga shi tun farkon 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Kana bukatar wuta da ba za ta ɗauke ana tsakiyar aiki ba, ko batir mai ƙarko, wanda ba kowace tokumbo ke da shi ba. Za ka rasa Office da sauran manhajojin da suka zo a kai, waɗanda su ne ma suka ja hankalin wasu masu saye. Yini guda zai iya tafiya. Sai dai lasisin Windows ba ya cikin abin da za ka rasa a yawancin kwamfutocin HP da Dell da Lenovo, domin tun zamanin Windows 8 a 2012 ake dasa mabuɗin a cikin allon kwamfutar, sabon Windows kuma yana karanta shi da kansa. Wannan na nufin ba ka bukatar kwafin da aka fasa, wanda wasu masu gyara ke ɗorawa tare da manhajar da ke kashe garkuwar kwamfuta don ta yi aiki. Bambancin shi ne kuɗin fomat a gabanka yake, ka san shi, sau ɗaya kake biya, tun kwamfutar ba ta ɗauke da komai naka.

Akwai hanya ta tsakiya ga wanda ya karɓi kwamfuta daga hannun yayansa ko abokin da ya yarda da shi. Ya ƙirƙiri sabon asusu mai cikakken iko da sunansa, ya shiga ta nan, ya kashe BitLocker ko ya adana mabuɗin a nasa asusun, sannan ya goge tsohon asusun bayan mai shi ya kwashe kayansa. Wannan yana ba da sabuwar lambar SID da sabuwar folda ba tare da taɓa rajista ba. Bai cire manhajojin da aka sa wa kwamfutar baki ɗaya ba, shi ya sa ban yarda da shi ba ga kwamfutar da ban san asalinta ba. Abin lura ɗaya: idan ka shiga da imel ɗin Microsoft tun farko, haruffa biyar na farkon imel ɗin ne za su zama sunan foldarka, don haka mai son sunansa cikakke ya fara da asusun da ba a haɗa da intanet ba.

Tun da ana maganar fomat, a duba wane Windows za a sa. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma yana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da, a mafi yawan lokuta, injin Intel na zubi na 8 zuwa sama. EliteBook 840 G3 da Latitude E7470 da ThinkPad T460, waɗanda suka cika teburan kasuwa, duk zubi na 6 ne. Ya kamata wannan ya shiga cinikin.

Wurin da ya dace a warware maganar suna shi ne gaban teburin mai shago, kuɗi na aljihunka. Ka ce ya shiga BIOS a gabanka ka ga ko zai nemi kalmar sirri. Ya goge kwamfutar, ya haɗa ta da intanet, ku jira har ta kawo shafin da za ka rubuta sunanka, ba na wani kamfani ba. Ya rubuta lambar siriyal a kan rasit tare da sunan shagonsa da lambar wayarsa. Idan ya ce ba lokaci, ka bari ya canza maka sunan kawai ka tafi, to ka gode masa, ka ajiye kwamfutar, ka matsa shago na gaba.