Injin wankin ƙoda na tafiya da maganin farfaɗiya

A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, ciki har da na koyarwa na Maiduguri da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Azare. Mun yaba. Sai dai cikin masu hawa injin akwai masu farfaɗiya, kuma ba a cika yin zancensu ba.

Inji bai san bambancin dafi da magani ba. Fenobabiton, wanda talaka ya fi dogara da shi saboda arha, yakan bi ruwan wanki ya fice. Lebetirasitam kuwa, wanda ake sayarwa da sunan Keppra, zaman awa huɗu kan kwashe kusan rabinsa, shi ya sa ƙa'idarsa ta ce a ƙara miligiram 250 zuwa 500 bayan an sauka daga inji. Wanda ya sha ƙwayarsa da asuba ya hau inji da hantsi yana iya faɗuwa kafin dare, dangi su ce magani ya daina ci, ko iska ce ta dawo, a nufi wajen mai ruƙiyya.

Wani abin da ya fi damunmu shi ne, waɗannan ƙa'idoji an tsara su ne bisa wanki sau uku a mako. A nan kuwa mutane da yawa sai an yi karo-karo suke zuwa. Tsakanin wanki da wanki, maganin da ƙoda ce ke fitar da shi sai ya taru a jini, mutum ya yi ta barci da jiri da ruɗewa, ranar da aka samu kuɗi kuma inji ya kwashe shi lokaci guda. Fenitoyin ma da nasa tarkon: inji bai cika taɓa shi ba, amma a jikin mai ciwon ƙoda gwajin jini na yau da kullum kan nuna ya yi ƙasa alhali kason maganin da ke aiki a jiki ya wadatar. Likitan da ya ƙara saboda wannan sakamako, guba ya ƙara.

Kunya ma na da hannu. Iyali da dama kan ɓoye farfaɗiya, musamman ta 'ya mace, har ma'aikaciyar jinya ta jona mutum da inji ba ta san me yake sha ba.

Gyaran nan ba ya buƙatar kasafin biliyoyi. Kowace cibiyar wanki ta tambayi majinyaci maganin da yake sha tun ranar farko, ta rubuta a katinsa, ta ajiye ƙarin ƙwayar a ɗakin wankin. Likitan ƙoda da na ƙwaƙwalwa su zauna su tsayar da awo ɗaya gwargwadon yadda mutumin ke samun wanki a zahiri. Ku kuma masu jinya, ku riƙa zuwa da kwalin maganin, kada ku rage ko ku tsayar da shi da kanku.