Miyar kifi ta ranar buki: daga teku ko daga kogi?

Wata al'ada tana samun gindin zama a gidajen manyan ma'aikata da attajiran birane, tun daga Yamai har Maradi da Damagaram. Idan aka tashi bukin suna, ko walimar aure, ko tarbar alhaji, ba a tsaya kan naman rago kaɗai ba. Sai maigida ya so a ajiye wa manyan baƙi tukunyar miyar kifin teku, wadda aka haɗa da jatan lande, wani lokaci har da ƙaguwa, irin wadda ya taɓa ci a Dakar ko Abijan sa'ad da aiki ya kai shi can. Niyyar kyakkyawa ce, domin Hausawa sun ce baƙonka annabinka. Ta fuskar addini kuma babu damuwa, tun da a mazhabar Malikiyya dabbobin ruwa halal ne. Amma halaccin abu bai isa ya sa a kai shi gaban baƙo ba. Abin da ya fi dacewa da ƙasar da ba ta da gaɓar teku shi ne a gina tukunyar buki a kan kifin ruwayenta, a bar na teku sai inda aka tabbatar da lafiyarsa.

Abin da shahararrun miya suke koyarwa

Mai son kwaikwayon girkin bakin teku ya kamata ya fara sanin asalinsa. A birnin Marsai na ƙasar Faransa akwai miyar da ake kira buyabes, wadda yau ake sayarwa da tsada. Asalinta abincin masunta ne. Kifayen duwatsu masu ƙaya, waɗanda ba su samu masayi ba, su ne masunta suke tarawa su dafa da tafarnuwa da man zaitun. Da sunanta ya yaɗu, masu dafa ta ba bisa ƙa'ida ba suka yawaita, har a shekarar 1980 wasu masu gidajen abinci na birnin suka rubuta yarjejeniya kan kifayen da za a sa a cikinta.

Haka labarin yake a ƙasar Senegal. Cebujen, wato shinkafa da kifi, ya fito ne daga garin masunta na Sanluwi, kuma a shekarar 2021 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Mutanen Marsai da na Sanluwi ba su aika nesa neman kifi ba. Abin da jirgi ya sauke da safe shi ne yake shiga tukunya da rana. Daɗin girkinsu daga nan yake. Saboda haka uwargidan da ta sayi giwan ruwa a bakin kogi da hantsi ta fi kusa da hikimar waɗannan mutane bisa wadda ta buɗe kwalin kifin da ya yi watanni da mutuwa.

Doguwar hanyar kifin teku

Tsakanin Kwatano da Yamai akwai fiye da kilomita 1,000. Bayan rufe iyakar Benin a 2023, kaya masu yawa suka koma bin hanyar Lome da Burkina Faso, wadda ta fi tsawo. Kifin da aka daskarar yana bukatar sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri, ba tare da yankewa ba, tun daga jirgin ruwa har zuwa hannun mai saye. A cikin wannan tafiya akwai jiran kwastan, da lalacewar mota, da ɗaukewar wutar lantarki a ɗakin ajiya, da teburin ɗan kasuwa a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40. Ko'ina sanyi ya yanke, kifi ya saki, ƙwayoyin cuta sun samu hanya. Idan aka mayar da shi cikin sanyi ya sake yin tauri, ido ba zai gane abin da ya faru ba.

Wani haɗarin ya fi ɓoyuwa. Kifaye irin su makero da ton da sardin, idan suka daɗe cikin ɗumi, wata guba mai suna histamin tana taruwa a namansu. Wuta ba ta kashe ta, ko an tafasa ko an soya. Wanda ya ci, cikin mintuna kaɗan zuwa awa ɗaya ko biyu fuskarsa za ta yi ja, kansa ya yi ciwo, jikinsa ya kama ƙaiƙayi, wani har da amai da zawo. A gidan da mutum biyar suka ci, abin ya tsaya cikin gida. A bukin da mutum ɗari suka ci daga tukunya ɗaya, cikinsu da tsofaffi da yara da mata masu ciki, abin ya zama na unguwa duka, kuma sunan maigida ne zai bi bakin mutane.

Hujjar masu sayen na teku

Masu wannan ra'ayi suna da maganar da ta cancanci saurare. Suna cewa kifin kogi bai wadaci ƙasa ba, kuma sau da yawa na kwali ya fi araha, har talaka yana iya sa wa iyalinsa yanka ɗaya ko biyu a miya. Suna cewa mutumin Agadas ko na Tanut ba shi da kogi a ƙofar gida. Likitoci ma sun tabbatar kifin teku yana ɗauke da sinadarin aidin, wanda rashinsa yake kawo maƙoƙo. Duk wannan gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai nemi a hana shigo da kifi. Sai dai maganar aidin gishirin da aka sa wa sinadarin yana biyan bukatarta a kowace rana. Maganar araha kuwa ta cefanen yau da kullum ce. Mai buki ba araha yake nema ba, tun da kuɗin da zai zuba a jatan lande da ƙaguwa ya isa ya saya masa zaɓaɓɓen kifin kogi har da saura. Abin da yake nema shi ne a ce ya kawo abin da ba a saba gani ba, kuma wannan bai kai a sayar da lafiyar baƙi saboda shi ba.

Arzikin ruwayen ƙasa

Kogin Kwara yana ratsa ƙasar Nijar tsawon kimanin kilomita 550, daga iyakar Mali har zuwa Gaya. A gabas akwai Komadugu Yobe da Tafkin Cadi. Jihar Maradi tana da tafkin Madarunfa, Tawa tana da Tabalak, Damagaram tana da Gidimuni. A waɗannan ruwaye ake kama giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa da ƙurungu. Giwan ruwa, wanda ake kira kapitan a otal-otal, namansa fari ne mai tauri, ƙayarsa kaɗan, kuma ba ya jin kunyar kowane kifin teku a kan faranti.

Masu wannan sana'a sun sha wuya. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye bayan farin 1973 da na 1984, har ɓangaren Nijar ya bushe na tsawon shekaru. A watan Yuni na 1985 kogi ya daina gudu a Yamai. A jihar Difa rashin tsaro ya sa hukuma ta hana cinikin kifi a 2015, ba a ɗage hanin ba sai 2019. Duk jikar da mai buki ya kashe a wurin masunci tana zama cikin ƙasa. Tana kaiwa ga mai sassaƙa jirgi, da mai saƙar koma, da matar da take gyaran kifi a kasuwa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Amma kifin gida ma yana da nasa aibi, kuma ɓoye shi ba kishin ƙasa ba ne. Wasu masu ajiyar banda suna yayyafa masa maganin ƙwari domin kada tsutsa ta ci shi, alhali wannan magani guba ne ga ɗan Adam. Wasu masunta suna su da gidan sauro ko koma mai ƙananan idanu, suna kwashe ƴaƴan kifi tun ba su hayayyafa ba. Mai saye yana da iko a nan. Bandar da take warin magani a bar wa mai ita, ƙananan kifi kuma a ƙi sayensu.

Yadda ake haɗa tukunyar

Aikin yana farawa tun daga kasuwa. Sabon kifi idonsa garau yake, bai faɗa ciki ba. Idan aka ɗaga murfin da ke gefen kansa, cikin ja ne. Idan aka danna namansa da yatsa, yana komawa yadda yake. Ƙanshin ruwa yake yi, ba ɗoyi ba. A saye shi ranar bukin da sassafe, a kai gida cikin ƙanƙara.

Ga mutum goma, kilo 3 na kifi iri biyu ko uku ya isa: giwan ruwa saboda tsokarsa, tarwaɗa saboda maiƙonta, karfasa saboda zaƙinta. A wanke tarwaɗa da lemun tsami har yauƙinta ya fita. Kawuna da ƙasusuwa kada a zubar, domin su ne ran miyar. A dafa su dabam da albasa da tafarnuwa da citta na tsawon minti 30, sa'an nan a tace romon da kyau saboda ƙaya. A wata tukunya a soya albasar Galmi cikin man gujiya har ta yi laushi, a zuba niƙaƙƙen tumatir da tattasan Difa da ɗan barkono, a bar su bisa wuta kaɗan har ruwansu ya tsotse, mai ya taso. A juye romon a kai, a sa daudawa da gishiri, a jefa kabewa da karas da yalo su nuna.

Kifi shi ne na ƙarshe. Giwan ruwa ya fara shiga, sauran su biyo baya, kuma minti 10 zuwa 15 sun ishe su. Daga nan ludayi ya huta, domin motsawa tana farfasa kifi. Tukunyar ake ɗan jijjigawa. An san ya nuna idan tsokar ta yi fari har ciki, tana rabuwa da kanta. A ƙarasa da ruwan tsamiya ko na lemun tsami, a kai da shinkafa ko tuwo.

Wanda ya dage sai ya ƙara jatan lande ko kifin teku, to ya kiyaye sharuɗɗa. Ya saya a wurin da yake ganin ɗakin sanyi da idonsa. Kifin ya kasance da tauri kamar dutse, kwalin bai jiƙe ba, kuma babu daskararren jini a gindinsa, domin wannan alama ce ta cewa ya taɓa narkewa. A narkar da shi cikin firji, ko cikin leda a ruwan sanyi, ba a rana ba, kuma abin da ya narke ba ya komawa cikin ƙanƙara. Jatan lande minti 3 ko 4 yake bukata, in ya wuce haka sai ya zama kamar roba. Wajibi ne a gaya wa baƙi yana cikin miyar, domin akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓarsa. Wanda leɓɓansa suka kumbura ko numfashinsa ya yi wuya bayan ya ci, a garzaya da shi asibiti nan take.

Babban kuskuren gidan buki shi ne lokaci. Ana gama girki da hantsi, baƙi ba su zauna ba sai bayan azahar. Miyar kifi ba ta jure wannan jira. Romo da kayan miya ana iya shirya su tun da wuri, amma kifi sai an ga baƙi sun hallara. Abin da ya saura kada ya wuce awa 2 a waje, a lokacin bazara ma awa 1. Inda babu firji, a rabar wa maƙwabta tun da zafinsa.

Nauyin da ya hau kan kowa

Uwargida ba za ta iya binciken abin da ya faru a hanyar Lome ba. Wannan aikin hukuma ne. Likitocin dabbobi da ma'aikatan kiwon lafiya ya kamata su riƙa shiga ɗakunan sanyi ba tare da sanarwa ba, su auna sanyin, su duba kwanan watan da ke jikin kwali, abin da ya lalace a ƙona shi a gaban jama'a. Magadan gari su tanadi rumfunan kifi masu inuwa da ruwa mai tsabta da ƙanƙara. Ma'aikatan gandun daji su tsaya kan dokar girman idon koma, a kuma taimaki ƙungiyoyin masunta da murhun banda na zamani da wurin ajiya, domin wanda yake da inda zai adana kifinsa ba zai nemi maganin ƙwari ba. Malaman yaƙi da jahilci suna iya mayar da alamomin sabon kifi darasin karatu, kowace ɗaliba ta koma gida da abin da zai amfane ta a kasuwa.

Manyan ma'aikata kuwa su tuna cewa su ake kallo. Abin da darakta ya ajiye a bukinsa, shi ƙaramin ma'aikaci zai ci bashi ya ajiye a nasa. Idan manya suka ɗauki giwan ruwan Gaya da karfasar Madarunfa abin alfahari, na ƙasa da su za su bi, masunci ya samu ciniki, baƙo kuma ya koma gida lafiya yana sa albarka.