A kwarin Komadugu, sauro ba ya tafiya tare da damana

A yawancin jihohin ƙasarmu mutane sun saba da lissafi guda: in ruwan sama ya sauka sauro ya zo, in ruwa ya ɗauke sauro ya ragu, sai a kwance sange a naɗe a ajiye sai baɗi. Wannan lissafi yana da gaskiya a kan tudu. Amma a garin Difa da ƙauyukan bakin kogin Komadugu, daga wajen Maine Sorowa har Boso, wanda ya bi shi yana iya rasa ɗansa.

Dalili yana cikin halin kogin kansa. Damanar Difa gajeriya ce, ruwan da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 300 da nisa ba, kuma a ƙarshen watan Satumba ya ƙare. Ruwan Komadugu kuwa ba na samanmu ba ne. Daga Najeriya yake tasowa, daga ƙasar Kano da tsaunukan Jos, ta kogin Haɗeja da na Jama'are. Yana ratsa fadamun Haɗeja da Nguru a hankali, yana cika su tukuna kafin ya wuce. Shi ya sa cikar kogi ba ta iso mana sai bayan an girbe hatsi. Ambaliyar da ta kori dubban mutane daga gidajensu a jihar Difa a shekarar 2019 a watan Oktoba ta zo, haka ma ta 2022. Sama ta bushe ƙayau, amma ruwa yana cikin gonaki da unguwanni.

To, mene ne ruwan sauro da wannan? Macen sauron da ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓi, wanda muka fi sani da palu, ba ta son ruwa mai gudu. Tana neman ruwa kwance, marar zurfi, wanda rana ke dukansa: kududdufin da kogi ya bari sa'ad da yake janyewa, ramin da aka haƙa don yin tubali, sawun shanu a bakin mashaya, magudanar gona da ta toshe. A lokacin zafi, kwana 7 zuwa 10 sun isa ƙwai ya zama sauro mai tashi. Ga kuma shinkafa a filayen noman rani, ga gonakin tattasai, dukiyar jihar nan, da injin ban ruwa ke shayarwa wata da watanni. Ba mu ce a bar noma ba, Allah ya kiyaye. Da shi Difa take ci, da shi take sutura. Abin da muke cewa shi ne, ruwan da ke rayar da tattasai yana rayar da sauro, har sai sanyin hunturu ya kankama ya rage masa ƙarfi.

Cutar ba ƙarama ba ce. Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 an samu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro har miliyan 263 a duniya, mutum wajen 597.000 suka rasu. Kashi 95 cikin ɗari na mamatan a Afirka suke, kuma mafi yawansu yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Ƙasashe huɗu suka ɗauki fiye da rabin wannan mutuwa: Najeriya, Kongo ta Kinshasa, Nijar da Tanzaniya. Sunan ƙasarmu a wannan jeri ba abin da ma'aikaci zai karanta ya juya shafi ba ne.

Ba a ce hukuma ta naɗe hannu ba. Tun 2006 aka ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani, aka ɗauke wa mata masu ciki kuɗin awo. Ana rabon sange mai magani kyauta. Daga 2013 aka soma bai wa yara ƴan wata 3 zuwa wata 59 maganin riga-kafi na lokacin damana, sau ɗaya kowane wata, galibi daga Yuli zuwa Oktoba. A watan Satumba na 2024 kuma aka ƙaddamar da allurar riga-kafin palu a Gaya, cikin jihar Doso. Duk wannan aiki ne na ƙwarai. Sai dai a dubi kwanan watan da kyau. Maganin da yaro ya sha yana tsare shi mako 4 ne kawai. Wanda ya sha na ƙarshe a Oktoba, tsaronsa ya ƙare a Nuwamba, daidai lokacin da Komadugu yake cike ko yake soma barin kududdufai a bayansa.

A nan muke kira ga mahukuntan lafiya na jiha. Tun 2022 OMS ta sassauta ƙa'idarta, ta bar wa kowace ƙasa ta tsai da yawan zagayen maganin bisa tsawon lokacin cutar a kowane yanki. Ba sai an jira baƙi masana ba. Rajistar gidajen likita na bakin kogi tana nan; a buɗe ta, a ƙidaya yaran da gwaji ya nuna suna da palu a Nuwamba da Disamba, shekara bayan shekara, a gwada da na garuruwan tudu. In lissafi ya nuna cutar tana daɗewa a kwari, a nemi ƙarin zagaye domin kwari. Akwai kuma ma'aunin ruwa a Bagara, wanda ake karantawa don gargaɗin ambaliya. Ranar da ma'aikatar ruwa ta sanar da gwamna cewa kogi yana hawa, ya kamata takardar ta isa teburin shugaban lafiya a ranar, domin a kai kayan gwaji da magani ƙauyukan da ruwa zai yanke wa hanya kafin ya yanke ta. A tuna kuma da ƴan gudun hijira da tashin hankali ya koro tun 2015. Mai kwana a bukkar tamfol, wanda ambaliya ta sake tasa, sau da yawa sangensa yana cikin kayan da ruwa ya ci.

Sauran aikin na gida ne, kuma a nan ne ku da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci kuke da babban matsayi, tunda ku ake kawo wa takarda a karanta. Maganin riga-kafin yara na kwana 3 ne. Ma'aikaci yana ba da na ranar farko da hannunsa, na rana ta 2 da ta 3 yana barin su wajen uwa. Yana da ɗaci, yaro yana tofarwa, uwa ta gaji ta ajiye sauran a cikin kwalla don ranar da zai yi zazzaɓi. Wannan yaro bai sami cikakken tsaro ba. Ku bi gidajen maƙwabta a rana ta 2 ku tambaya. Mai ciki kuma ta je awo tun da wuri, ta karɓi nata maganin aƙalla sau 3 kafin haihuwa.

Game da sange, mun ga inda aka mai da shi shingen lambu, mun ga inda aka kama kifi da shi. Mun san talauci ne, amma kifin da ya kama ba zai biya kuɗin mota zuwa babban asibitin Difa da tsakar dare ba. Wanda zai kwana a gona don gadin injin ko tattasan da aka shanya, ya tafi da sangensa, gama sauron palu da dare yake cizo, kuma bakin ruwa ne gidansa. Idan jikin yaro ya yi zafi, a kai shi gwaji cikin yini guda, kada a tsaya ga ƙwayoyin mai talla da rana ta gasa a kan tire. In ya soma jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko tafin hannunsa ya yi fari, ba a jiran gari ya waye.

Mai gari da mai unguwa su ma suna da nasu: ramukan tubali da ke cikin gari a cike su, magudanun gona a share su kafin a buɗe ruwa. Sange kuwa ya zauna a rataye, ana sauke shi kowane dare, har ranar da aka taka gindin Komadugu da ƙafa babu ruwa.