Tsakanin Sakkwato Da Kano

Tsakanin Filin Jirgin Sama na Sarkin Musulmi Abubakar III da ke Sakkwato da na Malam Aminu Kano akwai nisan kimanin kilomita 370 in aka miƙe ta sama. Jirgin fasinja yana cinye wannan rata cikin ƙasa da awa guda. Amma matafiyin da ya bi mota ta Talata Mafara da Gusau da Tsafe da Funtuwa sai ya shafe fiye da kilomita 500, ya yini a hanya kafin ya sauka Kano.

Abin takaici shi ne, mafi yawan jiragen da ke tashi daga Sakkwato Abuja suke nufa. Wanda ya nace sai ya je Kano ta sama, galibi sai ya fara yin kudu kusan kilomita 490, ya sauka ya jira, sa'an nan ya sake juyowa arewa wajen kilomita 360. Ke nan ya yi kilomita 850 a kan tafiyar 370, ya biya kuɗin tikiti biyu, kuma jiran da ya yi a Abuja ya lashe lokacin da ya so ya tsira da shi.

Wannan al'amari ya fi ƙarfin a kira shi matsalar masu kuɗi. Jirgin ƙasa ya isa Ƙauran Namoda tun 1929, har yau bai ƙaraso Sakkwato ba. Hanyar mota kuwa ta ratsa yankunan da 'yan bindiga suka addaba shekara da shekaru. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, to ina ga wanda hanyarsa ga nisa ga kasada? Ma'aikacin da aka tura taro, da malamin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo mai zuwa duba jarrabawa a Jami'ar Bayero, da majinyacin da ba zai jure girgizar mota ba, da ɗan kasuwar Kantin Kwari, duk abin ya shafe su.

A zamanin Kamfanin Jiragen Sama na Nijeriya, ƙananan jirage samfurin Fokker ne suke haɗa biranen ƙasar nan. Kamfanin ya daina aiki a 2003, aka bar fagen ga 'yan kasuwa, su kuwa inda kujeru ke cika can suke zuwa. Ba mu ga laifinsu ba, domin babban jirgi yana ƙona mai da yawa wajen tashi da hawa sama, gajeriyar tafiya kuma ba ta mayar masa da kuɗinsa in rabin kujerun babu kowa. Maganin abin shi ne ƙaramin jirgi mai farfela, mai ɗaukar mutum 50 zuwa 70.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatocin Jihohin Sakkwato da Kano da su zauna da kamfanonin jirage, su yi alkawarin sayen wasu kujeru domin ma'aikatansu na tsawon shekara guda, a sa jirgi ko da sau uku ne a mako, a kuma yi wa ɗalibai rangwame. In jama'a suka tabbata jirgi zai tashi a ranarsa da lokacinsa, za su saba da shi, har ya riƙe kansa. Zumunci a ƙafa yake, kuma tun 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano. Bai kyautu bayan shekara ɗari Basakkwace ya riƙa bi ta Abuja kafin ya gai da ɗan'uwansa Bakano ba.