Ƙararrawar Gobara: Wa Zai Ji Ta Da Tsakar Dare?

'Yan uwana ɗalibai, a watan Fabrairun 2025 gobara ta tashi cikin dare a wata makarantar allo a Ƙauran Namoda, almajirai 17 suka rasu. Allah ya jiƙan su. Tun daga ranar, in na kwanta a hostel sai in tambayi kaina: in wuta ta kama ɗakin da ke ƙarshen gini, wa zai fara sani?

A ganina, sanya ƙararrawa a kowane gini daban bai wadatar ba. Kowace tana da akwatinta a jikin bango, wanda ke karɓar saƙo daga na'urorin jin hayaƙi. To, in laburare ya kama da ƙarfe biyun dare, akwatin zai yi ta ihu a ginin da ba kowa. Amfanin me?

Mafita ita ce a haɗa akwatunan duka da waya, saƙonsu ya riƙa isa ɗakin masu gadi, inda ake kwana ido biyu. In an sa irin wadda kowace na'ura ke da lambarta, maigadi zai ga ginin, har ɗakin. Ana zagaya wayar kamar zobe, ta yadda ko ta tsinke a wuri ɗaya, saƙo zai bi ɗaya hannun. Kuma in batirin wani akwati ya mutu, nan take za a gani.

Abokina ɗan Tsafe ya ce, "Kai, mu da ba mu da wutar NEPA?" Ai akwatunan da batirinsu suke zuwa, ga kuma sola. Wani ɗan Bunguɗu ya ce ƙurar hunturu za ta riƙa tayar da ita a banza. Gaskiyarsa, amma maganin wannan gogewa da dubawa ne a kai a kai. Tsada kuwa, wallahi ba ta kai ta rai ba. Kafin motar kashe gobara ta iso, ko a cikin Gusau kake, mintunan farko su ne ke fitar da mutane da rai.

Don haka ina kira ga ƙungiyarmu ta kai wa hukumar makaranta buƙata a rubuce: duk sabon gini, na TETFund ne ko waninsa, a haɗa ƙararrawarsa da sauran, tsofaffin kuma a fara da hostel. Mu ma mu rage barin hita da risho a kunne.