Kakanta Ne Ya Yi Kuturta, Ita Me Ta Yi?

Bara aka fasa auren wata yarinya a unguwarmu, har lefe ya shigo gida. Gwaggon ango ce ta je bincike, ta dawo da labarin cewa kakan amarya ya rasu babu yatsu. Da na tambaye ta dalilin fasa auren, sai ta ce: “Malam, ai abin a jini yake.” Har yau maganar tana ci mini rai.

Ba gwaggo ce ta fara wannan zato ba. A ƙasar Nowe, babban likita Daniel Danielssen ya kafe cewa kuturta gado ce, amma mijin 'yarsa, Gerhard Hansen, ya gano ƙwayar cutar a birnin Bergen a 1873. Ɗaukarta ake yi, galibi ta numfashi, bayan an daɗe ana cuɗanya da mai ita wanda bai sha magani ba.

To me ya sa take zagaya wasu gidaje? Nan ne gwaggo ta taɓo gaskiya kaɗan. Cikin mutum 100, kusan 95 ko ƙwayar ta shige su, jikinsu zai kashe ta ba su sani ba. Sauran, garkuwarsu ce ba ta gane wannan baƙuwa da wuri, kuma ana iya gadon wannan rauni. A 2004 masu bincike sun gano alamarsa a ƙwayoyin halittar wasu iyalai a Biyetnam da wasu mutane a Barazil. Amma rauni ba cuta ba ne. In ƙwayar ba ta zo ba, mai raunin zai tsufa da yatsunsa goma.

Kakan nan ya rasu tun yarinyar ba ta zo duniya ba. Wa zai shafa mata?

Ni a ganina, gidan da aka taɓa yin kuturta gwaji yake buƙata. Na ga yadda ake yi: ma'aikacin lafiya ya ce ka rufe ido, ya shafa auduga a kan tabon da ya yi haske a fata, ya tambaye ka ko ka ji. Magani kyauta ne tun 1995, wata 6 ko 12 an warke. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba waɗanda suka zauna da mai cutar maganin rifampicin sau ɗaya don rigakafi.

Iyayenmu masu zuwa binciken aure, don Allah in kun ji an ambaci kuturta a dangi, ku nemi a je asibiti a duba fata kafin ku ce a mayar da lefe.