Jerin Littattafan da Ya Tsaya a 1934

Ka tambayi wani mai ilimi cikinmu ya lissafa littattafan ƙagaggun labarai na Hausa da ya kamata a miƙa wa mai shiga ɗakin karatu. Amsar ba ta canzawa: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Jiki Magayi, Idon Matambayi, sai ya ɗora Magana Jari Ce a kai ya yi shiru. Biyar ɗin farko duk 'ya'yan gasa ɗaya ne, wadda Rupert East ya shirya a 1933 a ƙarƙashin Hukumar Fassara ta Zariya. Shekara casa'in ke nan, amma har yau muna magana kamar alƙalamin Bahaushe ya bushe daga ranar da aka raba kyaututtukan.

Ba na raina waɗannan littattafai. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kalli bauta da cinikin bayi ta hamada ido da ido, kuma babu wanda zai karanta abin da ke tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe bai dara ba. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da su katanga, a ce duk abin da ke bayanta shirme ne.

Hujjar masu katangar ita ce littattafan da suka biyo baya na soyayya ne, masu ɓata tarbiyya. Wannan ra'ayi ya yi ƙarfin da a 2007 gwamnatin Kano ta ƙona tarin littattafan Hausa a bainar jama'a. To, mene ne Jiki Magayi? Labarin saurayi ne da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa, ya shiga duniya neman ramuwa. Idan soyayya da auren kwaɗayi sun isa su hana littafi shiga kanta, da shi za a fara.

Ga abin da katangar ta ɓoye. A 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, macen da ta buɗe wa mata wannan fage. A 1982 Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya tona yadda fasa-ƙwauri da cin hanci ke tafiya tare, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare kuwa ya shiga duniyar 'yan ta'adda da makamai bayan yaƙin basasa. Wanda ya karanta shi yau zai ji kamar labaran safiyar nan ne.

Amma wadda ta fi ba ni takaici ita ce Balaraba Ramat Yakubu. A Alhaki Kuykuyo Ne, Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori Rabi da 'ya'yanta tara, ita kuma ta kama sayar da abinci ta riƙe gidan. Marubuciyar ta zauna ta ƙirga mana kuɗin cefane da kuɗin makaranta, ta nuna yadda dangi da maƙwabta ke matsa wa mace ta haƙura da abin da ba za su taɓa neman namiji ya haƙura da shi ba. Ƙarshen littafin ma bai bar mai karatu ya huta ba, domin ladan da Rabi ta samu shi ne a dawo mata da mijin bayan ya tsiyace. A Wa Zai Auri Jahila? kuma yarinya ce aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, abin da ya yi kusa da rayuwar marubuciyar kanta. A 2012 wani kamfanin ɗab'i a Chennai ta ƙasar Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Aliyu Kamal ya yi zuwa Ingilishi. Mutanen Indiya sun ga littafin da ya cancanci kuɗinsu, mu kuwa muna kiran ajinsa adabin kasuwa muna kawar da kai.

Gaskiya ne, cikin ɗaruruwan littattafan da suka fito daga Kano tun wajen 1990 akwai tarkace da yawa: rubutu ba gyara, labari ɗaya an sauya masa sunaye. Sai dai tace tsaba daga tsakuwa shi ne aikin ma'aikacin ɗakin karatu. Wanda ya zubar da buhun gaba ɗaya gudun tsakuwa, aikinsa ya ƙi yi.

Kuma lokaci ba ya tare da mu. An buga yawancinsu a takarda mai arha wadda ke rubewa, marubutan ne suka biya kuɗin ɗab'i daga aljihunsu, babu kamfanin da ke ajiye da asalin rubutun. Masu karatu sun koma WhatsApp da Facebook, masu sayar da littattafai sun rage odar su. Budurwar da ta shiga ɗakin karatu tana neman In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, aka miƙa mata Ganɗoki da wa'azi a kai, ba za ta sake dawowa ba, kuma ba za ta daina karatu ba. Wayarta za ta koma, inda babu mai tace mata komai.